Zauren Likita: An ce ciwon ya ɓace, to hoton na mene ne kuma?

Wasiƙun wannan watan sun faɗo a gonata. Ni likitan hoto ne, yinina a ɗaki mai duhu nake yin sa, gaban allon kwamfuta, ina kallon cikin mutanen da yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na tsinto guda biyar da suka shafi ciwon daji na dubura da hotunan da ake bibiyarsa da su. Ta farko ta zo da tsawo, na rage ta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shekara 22 a Niyok ta Amurka yana tuƙin tasi. Bara aka gano yana da ciwon daji na dubura. An yi masa gashi da injin haske, aka bi da ƙarin ruwan maganin daji na wata huɗu. Da farko cewa aka yi za a yi masa aiki a sa masa jakar bayan gida a jikin cikinsa. Sai ga shi ya kira mu, wai likitoci sun duba ba su ga komai ba, an fasa aikin, sun kuma sa shi cikin wani bincike har ya sa hannu. Mun yi murna, har sadaka muka yi. To amma tun daga ranar bai huta ba, yau an tura shi cikin inji, gobe an leƙa shi da kyamara, jibi an ɗebi jini. Hajiyarmu ta ce ruwa ba ya tsami banza, da ya warke ai da sun ƙyale shi. Ni kuma tsorona kada su mai da shi zakaran gwajin dafi, mu mutanen Kano ba mu manta ba. Don Allah a gaya mana gaskiya. Daga ƙanwarka a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajiya. Ki gaya mata wannan ruwan dai bai yi tsami ba. Hotunan da ake masa, tun ranar da ya sa hannu aka jera su da ranakunsu, kafin kowa ya san abin da za a gani. Su ne abin da yake biya a madadin wuƙa.

Dubura a wurin likita ba bakin kaɗai ba ne. Ita ce ƙarshen babban hanji, tsawonta santimita 12 zuwa 15, tana can cikin ƙugu a matse, maƙociyar mafitsara da jijiyoyin da ke riƙe fitsari da ƙarfin namiji. Kitse ya lulluɓe ta, wani siririn tantani kuma ya ƙunshe kitsen kamar ganyen goro. A cikin kitsen akwai kaluluwa, nan ne zangon farko idan ciwon zai yi tafiya. Tun 1982 wani likitan tiyata a Basingstoke ta Ingila, Bill Heald, ya nuna cewa idan aka ɗauke ƙunshin ɗungurungum ba a yaga ganyen ba, dawowar ciwon tana raguwa ƙwarai. Har gobe wannan aikin ne ginshiƙi. Sai dai jiki yana biyan kuɗinsa: idan ƙarin ya yi ƙasa da yawa sai jaka ta har abada, idan ma an haɗa hanjin, wasu sukan yi fama da yawan zagayawa.

Wata likita a Sao Paulo ta Birazil, Angelita Habr-Gama, ita ta yi ta maza. Likitoci sun daɗe suna ganin abin mamaki: a yi wa mutum gashi, a cire masa dubura, a kai naman ɗakin gwaji, a nemi ƙwayar daji a rasa. Ita sai ta ce, to me ya sa za a yanka? A 2004 ta fitar da bayanin mutum 265 da aka yi wa gashi da magani. A cikinsu 71 ƙarin ya ɓace, ba ta taɓa su da wuƙa ba, ta zuba musu ido kawai, kuma ba su gaza waɗanda aka yi wa aikin ba. An jima ana mata kallon mai ganganci. Yau hanyarta ce ake kira jira da sa ido, kuma daga bayaninki a kanta Yaya yake.

Ki riƙe kalmar da ya faɗa muku: ba su ga komai ba. Bai ce babu komai ba. Manomi ya sare itace ya cinna wa kututturen wuta, ya bar shi baƙi ƙirin. Ya mutu? Ba mai iya rantsuwa ranar. Sai damina ta sauka, a riƙa zagayawa ana duba ko ya yi toho. Gashi haka yake barin dubura.

Bari in nuna miki abin da nake gani a allo. Kafin magani, a hoton MRI ƙarin yakan fito ruwan toka, ya cure a bangon hanji kamar curin dawo. Bayan gashi, idan Allah ya yi, curin sai ya zama siririn layi baƙi wuluk. Wannan tabo ne, shi muke fatan gani. Matsalar ita ce sau da yawa ba ya fitowa tas haka. Sai ka ga baƙin ya yi kauri, ga ɗan toka-toka a tsakiya, ka ƙura ido har ya yi ruwa, kana tambayar kanka: kumburin gashi ne ko saura ne? Akwai wani hoton da muke ƙarawa a injin guda, mai auna yadda ruwa ke motsi tsakanin ƙwayoyin nama. Inda ƙwayoyi suka cunkushe kamar Kantin Kwari a jajiberin salla, ruwa ba ya samun hanya, wurin sai ya yi haske. Ciwon daji haka yake cunkushewa. Amma iska kaɗan a cikin dubura takan karkatar da wannan hoton ta yi maka ƙarya, shi ya sa wasu asibitocin suke sa ɗan maganin wanke dubura kafin a shiga.

Na taɓa rubuta wa wani bawan Allah cewa akwai saura. Aka yi aikin, aka yayyanka naman a ɗakin gwaji, ba a samu ko ƙwaya ɗaya ba. Ban yi ganganci ba, abin da hoton ya nuna na rubuta, amma har yau in na tuna jakar da ke jikinsa sai in ji wani iri.

Saboda haka ba a dogara da ido guda. Akwai yatsan likitan tiyata, wanda ke jin tauri ko laushi. Akwai bututu mai kyamara, wanda idan an dace zai ga farin tabo shimfiɗe, da siraran jijiyoyi ja a kai, ba gyambo ba ƙullutu. Sai MRI, mai ganin abin da ke bayan bango, cikin kitse da kaluluwa, inda yatsa da kyamara ba sa kai. Masu bincike a Maastricht ta Holan sun gwada haɗa ukun a 2015. Idan duk suka ce wurin ya share, gaskiyarsu takan kai kashi 98 cikin 100. Idan kuma duk suka ce akwai saura, kimanin kashi 15 cikin 100 ashe babu. Kin ga mutumina na ɗazu ba shi kaɗai ba ne.

To me ya sa ake ta maimaitawa? A 2018 aka fitar da bayanin wata rajista ta duniya da ta tara mutum 880 masu irin halin Yaya daga ƙasashe 15. Cikin shekara biyu, ɗaya cikin huɗu ƙarinsa ya yi toho. Cikin waɗanda ya yi wa tohon, kashi 88 cikin 100 a shekara biyun farko ne, kuma kashi 97 a bangon hanjin ya fito, inda za a iya ganinsa da wuri. Mafi yawansu aka yi musu aikin da aka fasa tun farko, aka cire shi. Hikimar ke nan gaba ɗaya: a kama tohon yana ƙarami, tun mai shi bai ji komai ba. Wanda ya jira sai ya ga jini ya makara da watanni.

Kowane bincike da nasa jadawalin, amma ga misalin wani da aka yi a Amurka mai suna OPRA, da mutum 324, wanda sakamakonsa ya fito a 2022. Yatsa da kyamara duk wata huɗu a shekara biyun farko, sannan duk wata shida na ƙarin shekara uku. MRI duk wata shida a shekara biyun farko, sannan sau ɗaya a shekara. Ki lissafa, leƙawa 12 ke nan da MRI 7 cikin shekara biyar, ban da hoton CT na ƙirji da ciki da ake yi don duba huhu da hanta, ban da gwajin jini na CEA, wani sinadari da kan hau idan ciwon ya dawo. A wannan binciken, waɗanda aka fara musu da gashi sannan ƙarin ruwa, irin tsarin da kika ce an yi wa Yaya, kashi 53 cikin 100 sun kai shekara uku da duburarsu.

Maganar zakaran gwajin dafi kuwa, ba zan ce kin yi wauta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, gwajin maganin Trovan a Kano ya haɗa yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a a kan ko iyayen sun san abin da ake yi, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha. Abin da za ki yi shi ne ki ce Yaya ya turo miki hoton takardar amincewar da ya sa wa hannu, dole ne a ba shi kwafinta. A ciki za ki ga jadawalin hotunan, da wanda ke biyan kuɗinsu, da lambar kwamitin da ke sa wa masu binciken ido. Yana da ikon neman tafinta, yana da ikon fita ranar da ya ga dama ba tare da an daina duba shi ba. Sai dai ko ya fita daga binciken, bai fita daga hoton ba. Kuma idan Hajiya ta matsa ya zo gida ya jima, ko ya yi niyyar Hajji, ya tsara tafiyar tsakanin ranakun, kada ya tsallake ko guda.

TAMBAYA: Likita, an yi wa mahaifiyata aikin wannan ciwo a Masar. Sun ba mu takarda cewa a riƙa yi mata CT da MRI a nan gida. Wani abokina ya ce hasken injin shi kansa yana jawo daji. Kada garin neman gira a rasa ido. Daga ɗanka a Zariya.

AMSA: Ɗana, abokinka ya faɗi rabin gaskiya, ya kuma haɗa injuna biyu a tukunya ɗaya. MRI ba shi da irin wannan hasken ko kaɗan. Maganaɗisu ne babba da igiyar rediyo, ko sau ɗari aka shiga ba abin da ke taruwa a jiki. CT ne yake amfani da haske irin na hoton ƙashi. Hoton ciki da ƙugu guda ɗaya yakan kai milisibat 10 a ma'aunin hasken da jiki ya sha, alhali kowane ɗan Adam, a matsakaicin lissafin duniya, yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Wato hoto ɗaya kamar zaman duniya na shekara huɗu ne. Ba wasa ba ne, shi ya sa ba na son a yi wa yaro CT a kan ciwon kai na banza. Amma ga dattijuwar da aka riga aka cire wa daji, haɗarin ƙari ya ɓuya a hanta ba a gani ba ya ninka haɗarin hasken nesa ba kusa ba. Wanda aka kama a hanta yana guda ɗaya, sau da yawa ana iya yanke shi. Abin da za ku kula da shi shi ne ruwan da ake ɗura wa a jijiya lokacin CT: a gwada ƙodarta tukuna, musamman in tana da ciwon suga, ta kuma faɗa in ya taɓa yi mata ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi.

MRI nasa haɗarin ƙarfe ne. Ka shirya Mama tun daga gida: ɗan kunne, awarwaro, fil ɗin mayafi, duk a bari. In akwai na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki, a faɗa kafin a shiga ɗakin. Wani dattijo ya taɓa zuwa mana, an tambaye shi sau uku ya ce ba komai a jikinsa. Hoto na farko ya fito, tsakiyar ƙugun baƙin rami kamar an zuba tawada. Ashe guru ne a ɗaure, da ɗan ƙarfe a ciki. Da ƙyar ya yarda jikansa ya riƙe masa a bakin ƙofa. Da aka sake tura shi ciki, injin na ta ƙara kamar maƙera, sai muka ji ta lasifika yana jan salati daidai da bugun injin, bai motsa ba har minti 40 suka cika. Ban taɓa samun hoto mai kyau kamar nasa ba.

TAMBAYA: Wata takwas ina ganin jini a bayan gida. Na sha maganin basir iri-iri. Na yi sikanin an ce cikina lafiya lau. Shike nan ko? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Ba shike nan ba ne, Alhaji. Sikanin da ake shafa mai a goga a kan ciki yana ganin hanta da ƙoda da mafitsara, amma iskar hanji takan tare masa dubura. "Lafiya lau" ɗin nan bai shafi inda jininka yake fitowa ba. Ka je wurin likitan tiyata a wannan makon, ya duba da yatsa, ya leƙa da kyamara. Kunyar minti biyar ce. Yana iya zama basir ɗin ne, amma mafi yawan masu ciwon dajin dubura da hotonsu ya zo teburina a makare, da sunan basir suka yi shekara suna jiƙe-jiƙe.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon aikin ɗaukar hoto. Ina jin ana cewa hoton bincike daban yake da na asibiti, alhali inji ɗaya ne. Ina bambancin? Kuma me ya sa ba a amfani da PET kawai, tunda an ce ya fi kowane gani? Daga Sakkwato.

AMSA: 'Yata, a asibiti hoto yana amsa tambayar mutum ɗaya. A bincike hoton mudu ne, kuma in mudun Kano ya bambanta da na Gusau, lissafin ya lalace. Shi ya sa ake rubuta komai tun farko: ƙarfin inji, kaurin yanka, wanda a dubura bai kamata ya wuce milimita 3 ba, da kusurwar da za a yanko ƙarin, a gicciye daidai da kwanciyarsa. In kika karkace kusurwar, ƙarin da bai fita daga bango ba sai ya yi kamar ya fita, ki jawo wa mutum gashin da ba ya buƙata. Wannan a hannunki yake, ba a hannuna ba. Binciken MERCURY da Gina Brown ta jagoranta daga Ingila, wanda ya fito a 2006 da mutum 408, shi ya tabbatar cewa MRI da aka ɗauka da kyau yana iya faɗa wa likitan tiyata tun kafin aiki ko ƙarin ya matso tantanin nan da milimita 1.

Ranakun ma ba a wasa da su. A ce rukuni biyu ake gwadawa, ana yi wa ɗaya hoto duk wata uku, ɗayan duk wata shida. Ko da maganinsu daidai yake, na farkon za a riga ganin dawowar ciwonsu, sai a zaci maganinsu ne bai da kyau. Sannan a manyan bincike akan tura hotunan wata cibiya, wasu likitocin su sake karantawa ba su san wane magani mutumin ya sha ba, don zuciya tana son abin da take so, ido kuma yana bin ta.

Ga ƙarin da ya bazu zuwa hanta ko huhu akwai ƙa'idar awo mai suna RECIST, wadda aka sabunta a 2009. A zaɓi ƙari da bai wuce biyar ba, biyu a kowace gaɓa, a haɗa tsawonsu. Jimlar ta ragu da kashi 30, magani ya ci. Ta ƙaru da kashi 20, kuma ƙaruwar ta kai milimita 5, ko sabo ya fito, ciwo ya ci gaba. A kan ita duburar kanta wannan awon bai cika zama ba, don hanji yana miƙewa yana lanƙwashewa, tabo kuma yana da kauri irin nasa. A nan maki ake bayarwa daga 1 zuwa 5: 1 tabo zalla, 5 ƙari bai ko girgiza ba. Na 1 da na 5 ko ɗalibi ya gane su. A kan na 2 da na 3 ne muke musu da abokan aiki har shayi ya huce.

PET kuwa suga yake bi. A ɗura suga mai alama, inda ake cinsa da yawa ya yi haske. Daji yana cin suga, amma naman da gashi ya ƙona shi ma yana ci, sai ya yi hasken ƙarya. Ƙananan ƙwayoyi kuma ba ya ganinsu. Ga shi ƙarfin alamar yana raguwa da rabi duk minti 110, dole inda ake haɗa ta ya zama kusa. Yana da ranarsa, misali CEA na ta hawa CT bai nuna komai ba.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu shekararsa 63, shi ke jan salla a masallacin unguwarmu. An yi masa gashi na mako biyar, wata biyu ke nan da gamawa. Jinin ya tsaya, yana cin abinci, har ya yi ƙiba. Likitoci sun ce a zo a yi aiki, kuma sai an sa jaka. Baba ya ce ya warke, kuma ba zai tsaya gaban Allah da najasa a rataye ba. Mun kuma gani a WhatsApp an samo magani a Amurka da ya warkar da kowa ba aiki. Mu bi Baba ko mu bi likita? Daga ɗan'uwanka a Katsina.

AMSA: Ɗan'uwa, wasiƙarka ce ta hana ni barci, don na san wani zai karanta amsar da na ba 'yar Kano ya kai wa Baba a matsayin hujja. Tsayawar jini ba warkewa ba ce. Gashi yakan busar da saman ƙari ko da gindinsa yana raye. Bayan gashi irin na mako biyar ɗin nan shi kaɗai, waɗanda ciwon ke ɓacewa gaba ɗaya ba su cika wuce ɗaya cikin biyar ba. Sauran huɗun, jikinsu yana musu daɗi kamar na Baba, ciwon kuma yana nan.

Yanzu ne daidai lokacin dubawa, mako 8 zuwa 12 bayan gashi. Ku koma ku tambayi likitansa kai tsaye: an duba da yatsa bayan gashin? An leƙa? An sake MRI? In ya taɓa ya ji ƙullutu, ko ya ga gyambo, magana ta ƙare, aiki ne. In duk ukun sun share, to a zauna a yi lissafi na gaskiya. Za ku iya kawo Baba a leƙa shi duk wata uku ko huɗu? Za ku iya biyan MRI sau biyu a shekara, da CT, da kuɗin mota, shekara biyar ba fashi, ko yajin aiki ake, ko injin ya lalace sai an tafi wani garin? Mutanenmu sukan ɗauki jiran su bar sa idon. Na ga masu dawowa bayan shekara ɗaya da rabi, ƙarin ya kama mafitsara, hanta ta yi dabbare-dabbare, jakar da aka guda an sa ta, warkewar kuma ta kuɓuce. Wanda ba zai iya bibiyar ba, aikin ya fi masa aminci, ko da hoton ya share.

Maganin WhatsApp gaskiya ne, sunansa dostarlimab. A 2022 likitocin cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Niyok, ƙarƙashin Andrea Cercek, suka ba da labarin mutum 12 da aka ɗura wa shi duk mako uku har wata shida, dukkansu ƙarin ya ɓace. A rahoton 2025 sun kai 49. Abin da saƙon bai faɗa muku ba shi ne an tsince su ne. Maganin yana aiki a kan wani nau'i da ƙwayoyinsa suka rasa na'urar gyara kuskuren gado, kuma a can wannan nau'in kashi 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 na ciwon dubura. Su ma 12 ɗin, da MRI da PET da kyamara da yatsa aka tabbatar, aka kuma ci gaba da bibiyarsu. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu. Duk da haka tambayar tana da amfani: wani bincike da likitocin Ile-Ife suka yi da abokan aikinsu na Niyok, wanda ya fito a 2021, ya samu wannan nau'in a fiye da ɗaya cikin huɗu na ciwon hanjin 'yan Najeriya da aka gwada. Ana gane shi daga ɗan naman da aka yanka wa Baba tun farko, ku tambaya ko za a iya gwadawa.

Batun salla, ku kai Baba wurin malamin da yake girmamawa, tare da ma'aikaciyar jinya da za ta nuna musu jakar su taɓa ta da hannu. Malamai da dama sun kwatanta mai ita da mai yoyon fitsari, wanda uzurinsa sananne ne a fiƙihu. Hukuncin limancinsa kuma su za su faɗa, ba ni ba. In da hali, ku nemo masa wani dattijo mai jakar su zauna su biyu.

In za ku yi MRI ɗin, ku tambaya ko ƙarfin maganaɗisun injin ya kai Tesla 1.5, kuma ko suna da tsarin ɗaukar dubura na musamman, don hoton ƙugu na gama-gari ba zai amsa tambayar ba. In zai yiwu ku koma inda aka yi na farko. Ku karɓi faifan, ku haɗa da tsohon, ku kai wa likita duka biyun. Hoton fim da aka ɗaga a taga aka ɗauka da waya, wallahi ba abin da nake iya karantawa a ciki sai labulen ɗakinku.